Kwanan Ɗaso a Tsohuwar Zawiya

Kakata Maryama, wadda duk unguwar Nakkasa ta Makka aka fi sani da Ɗaso, da sunansa take kiran babban ɗanta. Tun ina ƙarami nake jin ta daga saman tudu tana cewa, "Ubaidu, wai ba ka ji ne?" Ban taɓa ɗaukar hakan a bakin komai ba. Sai da aka tura ni karatu Zariya, na zauna cikin tsofaffi sa'o'inta, na ga yadda suke yi da ɗan fari. Ba sa faɗin sunansa, ba sa yi masa wasa a gaban mutane, ko faɗuwa ya yi sai wata ta ɗaga shi. Aka ce mini kunya ce, haka suka taras ana yi.

Da na dawo Makka sai na tambayi mahaifiyata, Ruƙayyatu, ko kakarmu ta yar da kunyarta a hanya ne. Ta rage murya ta ce Kawu Ubaidullah ba shi ne na fari ba. Akwai wani kafin shi, namiji, ya rasu yana rarrafe a wani wuri bayan gari. Ba a bakin uwarta ta ji ba, kuma ko sunansa ba ta sani ba.

Sauran labarin a bakin Baba Lurwanu na tsince shi guntu-guntu. Shi ne ƙanen kakanmu, kuma shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka yi tafiyar tare da ita.

Daga wani ƙauye a ƙasar Gumel suka taso su uku: Ɗaso, da mijinta Malam Yunus, da Lurwanu yana saurayi. Wani wuri a ƙafa, wani wuri a bayan motar kaya. Sun yi tsinkar auduga a Sudan kafin su samu na jirgin ruwa. Da suka tsallako ba su da takardar shiga gari, sai wani Batakare, mutumin ƙasarmu da ya daɗe a can, ya nuna musu wani kwari ta wajen Jumum, inda ake noman dabino da kankana. A can akwai wata zawiya ta dutse da wasu sufaye suka gina tun zamanin Turkawa, nesa da mutane, don su riƙa shiga halwa. Ɗakuna ne ƙanana kamar akurki kewaye da tsakar gida, da masallaci, da rijiya. Lokacin da su Ɗaso suka isa an daɗe da daina zikiri a wurin. Wani tsoho ne kawai ya rage yana gadi, yana barin baƙi su zauna a ɗakunan, su kuma suna yi wa masu gonaki ban ruwa.

A ɗaya daga cikin ɗakunan nan ta haihu, a nan kuma zazzaɓi ya ɗauke yaron. Ta yi abin da aka koya mata a gida. Ba ta yi kuka a gaban kowa ba, ta juya fuskarta bango. Mijinta ya tsaya aka yi salla, amma bai bi gawar ba, don shi ma kunyar tana kansa. Lurwanu ne ya rungumi yaron ya fita da shi, shi da tsohon mai gadi. Ɗaso ba ta tambayi inda suka kai shi ba. Malam Yunus ya rayu shekara arba'in da wani abu bayan haka, bai taɓa tayar da maganar ba, ita ma haka.

Daga baya suka shigo Makka. Sun fara zama a Tandabawi, tana yi wa alhazai wankau, tana sayar da hatsin tantabaru a hanyar Harami. Ta iya gudu da tire a ka in 'yan baladiyya, ma'aikatan gari, sun biyo masu talla, ko ƙwayar gero ba ta zuba. Da ƙarfi ya fara raguwa ta koma zama wuri ɗaya tana sayar da kuka da daddawa da yaji. Gidanmu na Nakkasa ita da mijinta suka gina shi, tana hawa tudu da bulo a ka, goyo a baya. Mace ce mai kaifin baki. Ba ta barin ko ta kwana, in ban da wannan magana guda.

A shekarar da na dawo da ɗan kaɗan aka fara shafa wa gidajen unguwarmu jan fenti, alamar rusau. Kawu ya kama mana haya a Kudai, muna jiran ranar tashi. Ɗaso kuwa ciwon suga ya riga ya zaunar da ita a keken guragu. Wata rana Shahad, 'yar Kawu, wadda take ce wa kakarmu Sitti a Larabce, ta zo tana nuna mana hotunan walimar da suka yi da ƙawayenta a wata istiraha, irin gidajen shaƙatawar da ake kamawa a bayan gari a wuni ko a kwana. Ta miƙa wa kakarmu wayar don ta ga kwalliyarta. Ɗaso ba ta dubi kwalliya ba. A bayan 'yan matan akwai wata gajeriyar ƙofa mai baka ta baƙin dutse, ita ta tsura wa ido.

"Ina ne nan?"

"Wajen Jumum, Sitti. Tsohon gini ne, an gyara shi. Akwai har wurin iyo."

Ta mayar mata da wayar.

Bayan kwana biyu ta kira ni. Kamar yadda kaka take yi da jikanta namiji, mijinta take ce mini.

"Kai, mijin banza. Tun da ka dawo da kwalayenka ko ƙofar gida ba ka fitar da ni ba. Wurin nan na Shahad, ana kwana?"

Na ce ana kwana.

"To ka kama mana. Ka ɗauko mini tsohon nan mai kunnen ƙashi. Ban da gayya."

Na gane. So take ta san inda ɗanta yake kwance tun wanda ya sani yana da rai, kuma bakinta ba zai iya furta tambayar ba.

Baba Lurwanu tsire ya sayar a Tandabawi har yanar ido ta makantar da shi. Tsakaninsa da Ɗaso wasan ƙanen miji ne, tun daga Gumel ba su taɓa yin magana ba zolaya ba. Yana ce mata matata, tana ce masa Auta. Da na sa shi a mota ya lalubo hannun kujerarta ya ce, "Ashe dai a ƙarshe kin yarda mu gudu."

"Da kai? Wa zai ja wani, makaho ko gurguwa?"

Shahad ta zo don ta kula da ita. Mu huɗu muka isa bayan la'asar.

An yi wa ginin farin fenti, an zagaye shi da ƙananan fitilu masu launi. An rushe bangon da ke tsakanin ɗakunan halwa, biyu sun zama ɗaya, an sa gado da na'urar sanyi. Tsakar gidan an shimfiɗe ta da ciyawar roba. Inda rijiya take an rufe da siminti an ɗora murhun gashi. Masallacin kawai aka bari yadda yake, da tabarmi sababbi. Mai kula da wurin ɗan Bangaladash ne, bai daɗe da zuwa ba. Na ja shi gefe na tambaye shi ko akwai maƙabarta kusa. Ya nuna mini wata katangar bulo can bayan filin ajiye motoci, ya ce makullin yana hannun wani manomi, sai da safe.

Ɗaso ta sa na zagaya da ita ɗaki-ɗaki. A na kusurwar yamma ta ce in tsaya. Ta dubi rufin, ta dubi gadon da aka lulluɓe da jan bargo, ta ce a nan za ta kwana.

Bayan magariba muka zauna cin abinci a tsakar gida. Nan ta fara kewaye.

"Auta, rijiyar nan ba a nan take ba?"

"A nan take. A nan kika jefa gugan mutane kika ce aljani ne ya fizge."

"Ƙarya kake, kai ka jefa. Jakin tsohon mai gadin nan fa, ina ake ɗaure shi?"

"Wane jaki? Ni ne jakin. Ke dai ba ki taɓa ɗaukar tulu kin kai gona ba."

Ta yi dariya, tana juya shinkafa a faranti.

"Akwai wata ƙofa ta baya. Ta ina take ne?"

Na ga hannun Baba Lurwanu ya tsaya a hanyar bakinsa. Sai ya ce, "Wadda kike bi ki kawo mini ƙanzo a ɓoye kada yayana ya gani?"

"Allah ya shirye ka, Auta."

Haka suka yi ta yi. Ta matso, ya kauce da wasa, ita kuma ta bi shi cikin wasan don ba ta da wata hanya. Na buɗe baki zan yi tambayar a madadinta, ta watso mini wani kallo.

"Kai, ci abincinka. Manya na magana."

Da muka tashi salla Baba Lurwanu ya riƙe hannuna da ƙarfi a ƙofar masallaci. Ya ce, "Na san abin da ya kawo mu. Tun a mota na sani. Ka bari gari ya waye, wataƙila in na taka ƙasar na tuna."

Da asuba Shahad ta same ni a tsakar gida, idonta ja. Ta ce kakarmu ta sa ta kashe na'urar sanyi, ta ƙi hawa gado, ta sa an shimfiɗa mata bargo a ƙasa jikin bango, fuskarta na kallon dutsen. Ta ce ba ta jin ta runtsa.

"Fi esh? Me ke faruwa ne? Kowa ya sani sai ni."

Na gaya mata. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Shekara sittin, kuma ba wanda ya tambaya?"

Na fara yi mata bayanin kunya. Ba ta tsaya ji ba. A Makka aka haife ta, Larabci ya fi mata sauƙi a baki, kuma ba ta taɓa zama inda uwa take ɓoye son ɗanta ba. Da aka fito da Ɗaso shan shayi, Baba Lurwanu na gefenta yana tsoma burodi, Shahad ta durƙusa a gabansa, ta kira shi kaka da Larabci.

"Jaddi, yaron Sitti da ya rasu a nan, a ina ka binne shi?"

Ɗaso ta ajiye kofinta.

"Ke wace irin yarinya ce mara kunya? Wa ya aike ki?"

Amma ba ta ce a bar maganar ba. Ta juya kanta gefe kamar mai kallon fitilun da aka manta ba a kashe ba, kunnenta kuwa yana wajen tsohon.

Baba Lurwanu ya goge bakinsa. Ya ce, "Ɗana, kama hannuna."

Manomin ya kawo makulli. Na tura keken Ɗaso muka ratsa filin motoci, wanda aka zuba wa tsakuwa aka daddaɓe, har bakin ƙofar ƙarfe ta maƙabartar. Can ta ce in tsaya. A nan ƙasar ba a barin mata su shiga maƙabarta, kuma ta daɗe a cikinta, ba sai an gaya mata ba. Shahad ta tsaya a kanta da lema. Ni da tsohon muka shiga.

Fili ne shimfiɗaɗɗe, ba itace, ba tudun kabari ko ɗaya. Sai baƙaƙen duwatsu kamar kan mutum, an jera su layi-layi. Manomin ya ce wata shekara ambaliya ta bi ta nan ta watsa su, da aka zo yin katanga sai ma'aikata suka tattara suka jera yadda ya yi musu kyau.

Baba Lurwanu ya tsaya yana juya fuska kamar mai shaƙar iska.

"Akwai magarya. Ka ga magarya?"

"Babu, Baba."

"Ko kututture?"

"Babu."

"To ka dubi dutsen da ke gabas. Akwai wani mai tsagaggen kai. In ka fito ta ƙofar baya ka miƙe kamar za ka je gare shi, kafin ka kai magaryar."

Na duba gabas. Masu fasa dutse sun cinye rabin tsaunin, ya zama farin gefe kamar an yanka da wuƙa. Na waiga wajen zawiyar. Bangon bayanta a shafe yake da siminti daga wannan kusurwa zuwa waccan, ba alamar ƙofa. Na gaya masa.

Muka yi ta tafiya duk da haka. Ya taka, ya tsaya, ya ce nan ne, sannan ya ce a'a. Ya sunkuya yana shafa ƙasa da tafin hannu. Ya ce ya ɗora masa tsingaron tulu kamar yadda ake yi a gida, in duba ko zan ga jan kasko. Na bi layin duwatsun ina tona tsakuwa da yatsa. Na samu murfin kwalba da guntun waya. Rana ta fara zafi.

Ya zauna a kan dugadugansa, yana haki.

"Ba shi da nauyi, ka sani. Kamar na ɗauko ɗankwali. Ban yi nisa da shi ba. Tsohon ya ce yara ba a kai su cikin manya, a bakin-bakin ake sa su, kusa da gida." Ya ɗaga kai. "Daga bangon zawiyar zuwa katangar nan akwai nisa?"

Na ce akwai, filin motocin ne a tsakani gaba ɗaya.

Ya juya fuskarsa wajen filin.

"To ina jin ba ma a cikin katangar yake ba."

Na taimaka masa ya miƙe. Kafin mu kai ƙofa ya ja ni baya.

"Me zan ce mata? Mu nuna mata wata kusurwa mu ce nan ne? Ai ba mai ƙaryata mu."

Na yi shiru, ya ɗauki shirun yadda ya ga dama.

Muka fito. Ɗaso ta gyara mayafinta, ta yi magana tana kallon wani wuri.

"Auta, ka gama yawon?"

"Na gama." Ya ɗaga sandarsa ya nuna ta saman katanga. "Ta can ne. Kusurwar nan ta hannun dama."

Ta bi sandar da ido. Sannan ta dawo da idon kansa, ta daɗe tana kallon fuskarsa. Ta san muryarsa in yana zolaya, ta san ta in yana ciniki, ta san ta in ya ci bashin goro yana musu.

"Auta. Wasa ne ko gaske?"

Ya sauke sandar.

"Ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Babu magaryar, babu dutsen. Wataƙila ciki, wataƙila nan waje. Ta nan dai ne, tsakanin ginin da katangar."

"Nan waje," in ji ta.

Ta sunkuyar da kai ta dubi tsakuwar da ke gabanta, da sawun tayoyi a kai, da motarmu a tsaye can gefe. Ƙafafunta suna ƙasa, don ba ta son matakin keken, kullum cewa take yana sa mata sanyin ƙafa. Sai ta sa hannu biyu ta kama gwiwarta ta dama ta ɗaga, ta ɗora ƙafar a kan matakin. Ta kama ta hagu, ta kasa. Shahad ta durƙusa ta ɗora mata.

Na jira ko za ta yi addu'a, ko ta ce a matsar da ita wani gefe. Ta dubi dama, ta dubi hagu, ta dubi katangar. Ba ta san inda za ta fuskanta ba. Shahad tana kuka a hankali, ita kuwa idonta a bushe.

Muna nan wata motar kaya ta shigo da kujeru da manyan lasifikoki. Mai kula da wurin ya zo yana ba da haƙuri, ya ce masu biki sun kama gidan daga azahar, in babu damuwa mu ɗan janye motarmu su sauke kaya. Direban ya riga ya fara juyawa a tsakiyar filin, tayoyinsa na niƙa tsakuwa. Baba Lurwanu ya ɗaga hannu kamar zai tsayar da shi, sannan ya sauke. Ko ya tsayar da shi, ba shi da wurin da zai ce kada a taka.

Shahad ta shiga ta kwaso kayanmu. Na tura keken zuwa mota. Da muka zo shiga, Ɗaso ta ƙi sauke ƙafa ta taka kamar yadda ta saba, ta ce in ɗauke ta. Na ɗauke ta na zaunar a kujerar baya. Baba Lurwanu ya shiga gaba, ya riƙe sandarsa tsakanin gwiwoyi.

Na tayar da mota, na sa giyar baya. Sai na ji hannunta a kafaɗata.

"Ka ja a hankali," ta ce. "A hankali, har mu fita kan titi."